Shekarar da Na Sha Irin Ubana

Duk wanda ya zo maka da shawara, dubi tafin hannunshi kafin ka dubi bakinshi. In ba ka ga kanta ba, ba shi ruwa ya sha, ka raka shi bakin hanya. Wagga magana ba a zauren malam na ji ta ba. Da cikina na saye ta, da cikin uwata, da na matata, shekara guda cur.

Abin ya faru shekarun da Nasara sunka fara zama Filinge suna ta ginin barikinsu. Garinmu ƙauye ne cikin dallol, wato babban kwarin ƙasarmu Kurfai, kudu da Filinge, in ka fita da asuba hantsi ya same ka kasuwa. Babana ya rasu da kaka, bayan an gama ɗaurin dami. Ya bar mini gona biyu, da rumbu cike, da rago guda, da inna, da matar da ba ta shekara a ɗakinta ba. Ya kuma bar mini iri.

Ƴan yanzu ba su san iri ba, suna tsammanin duk ƙwayar da ka jefa rami iri ce. Babana, in hatsi ya nuna, kafin a sa wuƙar girbi, shi kaɗai yakan shiga gona da safe yana bin karan ɗaya bayan ɗaya. Zangarniyar da ta riga sauran nuna, mai ƙwaya a matse, mai gashi a jiki, ita yake yankewa. Ya ɗaure ƙaramin dami da kaba, ya rataye ɗakin girkin inna bisa murhu, hayaƙi ya tsare shi daga ƙwari har damina. Haka ubanshi ya yi, haka kakanshi. Hatsin ba shi da kyan gani ko kaɗan. Karan gajere ne, zangarniyar ba ta wuce taƙi guda da ƴan yatsu ba, ga gashi kamar gemun bunsuru. Amma tsuntsu ba ya son sauka kanshi, kuma yakan riga na kowa nuna da kwana goma. A Kurfai, inda ruwa ke ɗaukewa ba sallama, kwana goman nan su ne tsakanin mai cin tuwo da mai cin anza, abincin yunwa.

Doka biyu babana ya sa a kan wanga dami: ba a cin iri, ba a hana iri.

Akwai wani tsoho Bazabarme daga wajen Bonkuku, ƙasar Imanan. Kowace bazara, da hadari ya fara leƙowa gabas, sai ga shi a ƙasa da sandarshi da wata ƙwarya mai ɗinki a gefe. Babana ya sauko da damin, a sussuka kaɗan, ya cika mishi ƙwaryar har tsororo. Su zauna gindin gawo su sha fura, tsoho ya kama hanya. Ni kuwa tun ina ƙarami haushin tsohon nan nake ji. Mutum da gonarshi, kullum bara! Na taɓa tambayar babana dalili, ya ce in je in ba rago ruwa.

To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babana bai yi wata huɗu a ƙasa ba sai ga taubashina ya dawo daga yawon kudu.

Ɗan gwaggona ne, ya girme ni da shekara uku. Tunda Allah ya halicce shi bai taɓa kai noma ƙarshen gona ba, rana na yin tsaka sai ciwon ciki ya tashi. Shi ya sa da Nasara sunka nemi ƴan ɗaukar kaya, maigari ya miƙa shi da hannu biyu, har da addu'a. Kayan da anka ɗora mishi kuwa kujerar kumandan ce, babban sojan Nasaran, wata mai naɗewa. Ya bi su da ita a ka har bakin kogi, ƙasar Dandi, wata bakwai. Ya dawo da tsohuwar rigar soja mai maɓalli uku, da kalma guda ta Faransanci, "bon". Gari ya sa mishi suna mai kujera. Shi a ganinshi hankalin kumandan ta gindi yake sauka, ya shiga kujera, kujera ta zuba mishi a tsakar ka.

Wayyo, shawarwari! Ba abin da bai sani ba. Gaisuwa mai tsawo ɓata lokaci ce, bon. Cin abinci akushi guda shi ke kawo ƙaiƙayi, amma in an aje akushin hannunshi ke fara shiga. Ya koya ma maƙeri ƙira. Ya gaya ma ungozoma yadda matan Nasara ke haihuwa, shi da bai taɓa ganin macen Nasara ba ko a mafarki. Dattawa sunka mai da shi abin nishaɗin yamma. Mutum ɗaya ne a garin ya saurare shi da gaske, ga shi yana ba ku labari.

Ran nan ya shigo gidanmu da jaki ɗauke da dami biyu. Da ya kwance, wallahi sai da na miƙe tsaye. Kowace zangarniya ta kai tsawon hannu, daga kafaɗa har yatsa, sumul, ba gashi, ƙwaya manya-manya.

Ya ce, "Ka ga hatsin mutane? Irin shi dokin kumandan ke ci. Ku kun tsaya kuna noman jelar ɓera. Guda ɗaya nan ta yi biyar ɗin kawu, Allah ya jiƙanshi. Gonarka biyu za ta ba ka rumbu goma. Bon."

Na yi lissafin rumbu goma a zuci, na ga kaina bisa doki. Kafin azahar ragon babana ya koma gidan gwaggo, dami biyu sun shiga nawa. Da ma ina da tarihi. Ina ɗan shekara tara na taɓa ba wani ɗan fatake ƴar akuyar da kakata ta ba ni, ya ba ni ƙaho mai busa, wanda ya tsage kafin kwana uku.

Inna ta fito ta murza zangarniya ɗaya a tafi, ta sa ƙwaya a haƙori. Ta ce, "Yaro, wanga hatsin ƙasar ruwa ne, ɗan'uwan maiwa. Can sama takan yi wata biyar tana zuba. Nan fa?"

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, yaro take ce mini har na yi gemu.

Mai kujera ya yi dariya. "Haba inna, zamani ya sake. Ke kin taɓa ganin kogi?"

Ta ce, "Ban taɓa ba. Gonar ga ma ba ta taɓa ba."

Ta koma ɗaki. Ni kuwa na ce a raina tsufa ne.

Hadari ya fara leƙowa, sai ga tsohon Bonkuku da ƙwaryarshi. Ya yi ta'aziyya, ya zauna, ya aje ƙwaryar gabanshi kamar yadda ya saba. Rashin sa'a mai kujera na zaure. Ya matso kunnena ya ce Nasara ba ya kyauta haka kawai, kyauta ce ta hana baƙar fata arziki, in ban yanke wagga igiya bana ba zan ciyar da Zabarmawa har in mutu.

Na gyara murya na ce, "Baba, wanda kunka saba da shi ya rasu. Bana babu."

Tsoho ya dube ni, ya dubi ƙwarya. Bai ce don mi ba. Ya ce, "Allah ya jiƙanshi." Ya kife ƙwaryar a kanshi don rana, ya ɗauki sanda ya fita. Tafiyar yini guda ya yi ya zo, ko furar da ubana ke ba shi ban ba shi ba. Har yau in na tuna bayan tsohon nan da ƙwarya a ka, sai in ji kamar in tona rami in shige.

Wannan doka ɗaya kenan na taka. Ta biyu ba ta daɗe ba.

Da anka yi ruwan shuka na kira gayya. Mai kujera ya ce muddin tsohon damin yana rataye bisa murhu, inna za ta saci jiki ta riƙa jefa shi cikin ramu, ta ɓata muna sabon. Na shiga ɗakin girki na sauko da shi, baƙi ƙirin da hayaƙi, na ce ma matata ta sussuka ta daka, a yi ma ƴan gayya fura. Yarinyar ta tsaya da taɓarya a hannu tana kallon inna.

Inna ta ce, "Yaro, shekarar da fari ya ci mu, ubanka kwana uku bai sa komi a baki ba, wanga dami na bisa kanshi. Bai taɓa shi ba."

Na ce, "Inna, yanzu ni ne maigida."

Ta dubi damin. Sannan ta ce, "To, maigida."

Daga ranar ban sake jin yaro a bakinta ba. Maigida ga ruwa. Maigida an yi baƙo. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Furar tana ƙamshin hayaƙi. Na sha, ban ƙi faɗi ba, ta yi daɗi. Mai kujera, da bai taɓa sungumi ba duk yinin, shi ya kwashe ta ƙarshe har yana lasar ludayi. Inna ta ce azumi take yi.

Shukar ma abin kallo ce. Mu dai mun san mutum ya ɗauki sungumi ya yi gaba yana sara, mata da yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Mai kujera ya ce a'a, Nasara da igiya yake shuka. Anka kwance igiyar guga, mutum biyu sunka riƙe, shi yana tsaye inuwa yana cewa a matsa dama, a matsa hagu. Aikin yini guda ya ci muna uku. Maƙwabta sunka gama tasu sunka zo bakin gona suna tambaya ko rijiya nake nema.

Amma da hatsi ya tashi, dariya ta koma ciki. Kai, ya yi kyau! Ganye faffaɗa, kore shar, kara kamar na dawa. Tsakiyar damina mutum bisa doki in ya shiga ba ka ganin rawaninshi. Masu zuwa kasuwar Filinge sunka riƙa ratsewa su kalla. Na sake tafiya, na fara sa hannu a baya in ina magana. Ni ma har na fara cewa bon.

Hatsin maƙwabta ya yi ciki, ya fid da kai, ya yi bununi. Nawa ganye. Yara sunka fara gasa tumu a gonakin iyayensu. Nawa ganye. Na tafi wurin mai kujera, ya ce babban abu ba ya gaggawa, ko raƙuma ta fi akuya daɗewa da ciki. Na dawo da wagga hikima na faɗa ma inna. Ta ce, "Allah ya sauke ta lafiya, maigida."

Sai ruwa ya ɗauke, kuma shekarar ya ɗauke da wuri. Kullum da la'asar ina bakin gona ina kallon gabas, sama fes. Ganye ya fara naɗewa, ya yi ja daga ƙasa. Can da ƙyar wasu sunka turo kai, dogaye kamar yadda anka yi mini alkawari, ka murza ba komi ciki sai iska. Gona biyu, dami uku na ɗaure, su ma rabi ƙaiƙayi. Ashe kallon kitse na yi ma rogo. Maƙwabta sun sami rabin abin da sunka saba, suna kuka, ni ina jin kukansu kamar kirari.

Bayan girbi kumandan ya zo rangadi. Anka buɗe mishi kujerar nan a gindin gawon ƙofar gidanmu, ya zauna, tafinta ya ce kowane gida ya kawo dami biyu na dawakin soja. Ba a tambayi wanda ya samu da wanda bai samu ba. Na buɗe tsohon rumbun babana na fid da biyu. Taubashina yana tsaye bayan kujera, ƙirji a gaba, ya ɗauke kai kamar bai san ni ba. Da sunka tashi tafiya na tare shi bayan danga.

Ya ce, "Laifinka ne. Nasara taku biyu yake bari tsakanin rami da rami. Na lura kai ɗaya da rabi ka bari. Kuma igiyar guga ce, ba ta shuka ba."

Na rarumi ƙotar hauya, mutane sunka riƙe ni, wai taubashi ba a fushi da shi. Wanda ya kafa wagga al'ada bai taɓa yin taubashi irin nawa ba. Ya naɗe kujerarshi ya ɗora a ka ya bi doki da gudu. Mutumin nan ya rayu ya tsufa, ya yi tumbi, bai fasa ba da shawara ba har ya mutu, kuma waɗanda sunka yi mishi wanka sun ce tafin hannunshi kamar na jariri.

Rumbun babana ya riƙe mu har tsakiyar rani, ya ce ga garinku. Inna ta sai da awakinta ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai daji. Wanda bai ci anza ba ya gode Allah. Ƴaƴan itace ne masu ɗaci kamar maɗaci, sai an jiƙa kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin su haɗiyu. Matata, yarinya mai kumatu, ta koma wuya da idanu, ba ta taɓa ce mini uffan ba. Inna kuwa ta aje mini ƙwarya gabana ta ce, "Maigida, ga anzarka."

Yunwa ba ita ta fi ci mini rai ba. Bazara ta zo, hadari ya fara leƙowa, na ɗaga kai ɗakin girki, ƙugiyar da damin ke rataye tana nan ita kaɗai. Abin da mutum uku sunka tsince da hannu, kaka bayan kaka, ni na dama shi da nono na sha rana guda. Na bi gidajen maƙwabta. Su ma sun kankare rumbunansu. Wani ya ba ni tafi guda, wani rabin tafi, wani ya zuba mini yana cewa da ƙarfi, don a ji, "Ai iri ba a hana shi." Duk abin da na tara bai rufe gindin ƙwarya ba, kuma ba namu ba ne.

Na zauna tsakar gida na rasa abin yi. Inna tana tsince anza, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Maigida, hanyar Bonkuku ba a sa mata ƙaya ba."

Na ce, "Inna, da wane ido?"

Ta ce, "Da wanda ka kore shi da shi."

Na fita bayan sallar asuba, la'asar ta yi mini a garin. Duk hanya ina shirya magana, ina rushewa. Anka nuna mini gidan. Tsoho na zaune ƙarƙashin rumfa yana tufkar igiya. Ya ɗaga kai ya ce, "Fofo, ɗan abokina." Na durƙusa zan fara, ya ɗaga hannu, ya kira a kawo ruwa. Bayan ruwa fura, ta hatsi tsantsa, wadda rabona da ita wata uku. Na kafa kai ina sha, shi yana ta tufkarshi, ya ba ni bayanshi don kada in ji kunya. Wannan ya fi mari zafi.

Da na aje ludayi na ce, "Baba, na yi maka laifi, kuma na zo bara."

Ya tashi ya ce in biyo shi. Munka shiga ɗakin girki. Bisa murhu, ga dami rataye, baƙi da hayaƙi, zangarniya gajeru, gashi buzu-buzu. Ban san sanda na kai hannu ba. Nasu ruwan ma ya ɗauke da wuri, amma wanga ya riga ya nuna.

Ya ce, "Ba bara ka zo ba, ɗana, kamar yadda ni ma ba bara nake zuwa ba. Ubanka ne ya fara tako ƙafa nan, kana ƙarami. Ya ce in ba irinshi wuri a gonata, kowace shekara in zo in karɓi sabo don kada ya gauraya da na maƙwabtana ya ɓace. Na ce don mi, kai da ke da rumbu? Ya ce rumbu yana da ƙyaure, amma kunnen ɗanshi ba shi da shi, kowa ya zo wucewa sai ya shiga. Ya ce wata rana za ka zo. In ka zo kada in yi maka faɗa, in ba ka fura tukuna."

Ya ɗauko ƙwaryar nan mai ɗinki. Ya sussuka da hannunshi, ya zuba, ta cika, ya ƙara har ta yi tsororo, ya juye mini a sanhon kabar da na zo da shi. Sau uku yana cikawa. Ni dai ina durƙushe, hawaye na zuba cikin gemu, ƙato da ni.

Na kwana can, na kamo hanya da sassafe. Na iso gida rana ta yi sanyi, hadari ya haɗo gabas. Na aje sanho gaban inna. Ta sa hannu ta ɗebo, ta shinshina, ta sa ƙwaya ɗaya a haƙori. Ta tauna a hankali.

Na ce, "Inna, ashe haka baba ya ɗauke ni? Tun ina ƙarami ya san zan yi wauta?"

Ta ce, "Ubanka? Ina ya sani! Shi a wurinshi ba a haifi mai hankali kamarka ba. Ranar da ka shigo gidan ga kana busa ƙaho, ba akuya, ni na ce ya ɗauki iri ya kai Bonkuku."

Ta ɗaure bakin sanho, ta leƙa sama.

"Tashi, yaro, ka duba ƙotar sungumi. Ka bar ma rijiya igiyarta."